Ƙanshin Wardi a Rigar Gawie

Shekara talatin da 'yan kai Drieka Arendse ta yi a gidan Gawie ba ta taɓa ɗiga turare a jikinta ba. Saboda haka ranar da ta ɗauki rigarsa za ta jefa a ruwan wanki ta ji ƙanshin wardi, ba ta ɓata lokaci tana tambayar kanta ko nata ne ba. Ta kai aljihun rigar hancinta, ta sauke, ta sake kaiwa. Wardi ne tsagwaronsa, mai nauyi, irin wanda mata ke wanka da shi in za su biki. Sai ta nemi bakin baho ta zauna da rigar a cinyarta.

Wanda bai san Gawie ba zai ce mene ne abin zama a nan. To, a kwarinmu, daga garin Robertson har gindin duwatsu, in ka ji an ce "Hanci", mijinta ake nufi. Gonar inabinsu ba wata gona ba ce, kuma giya iri biyu kawai suke yi: fara marar kumfa, da mai kumfa wadda ke kwanciya shekaru a cikin kwalba kafin ta ga rana. Abin da suke samu a shekara, manyan kamfanoni za su iya zubar da shi a ƙasa ba su lura ba. Amma Gawie zai shinshina kofi ya gaya maka daga wane ɓangaren gona inabin ya fito, da ko da sanyin safe aka tsinke shi ko sai da rana ta ɗaga. Da hancin nan suke ci, da shi suka aurar da 'yarsu Lenie.

Hancin nan kuwa sarki ne a gidan, har da dokokinsa. Ba turare, ba sabulu mai ƙanshi, ba furanni a kan tebur. Ranar da za a ɗanɗana giya ba a soya albasa, ba a dafa gahawa. Mutumin da ya taɓa tashi daga bencinsa a coci ana tsakiyar waƙa ya koma can baya saboda matar fasto ta shafa wani abu, shi ne yau yake yawo da wardi a ƙirjinsa ko atishawa bai yi ba? Lallai an samu wadda ta isa. Abin da Drieka ta faɗa wa kanta ke nan, kuma maganar ta yi mata zafi fiye da yadda ta zata, don ita son tsohon nan take yi duk da mitarsa, kuma ba ta shirya rasa shi ba.

Da ta tambaye shi a ranar, da labarin nan bai kai ko'ina ba. Amma Drieka ba ta tambaya. Aikinta a ɗakin ƙasa, inda ake ajiye giya, shi ne juya kwalabe: kowace safiya ta bi layi tana murɗa kowace kwalba kaɗan, tana ƙara karkata bakinta ƙasa, har lakar yis ta gangaro ta taru a wuya, ranar da aka buɗe ta fita gaba ɗaya. Haka take yi da abin da ke ranta. Ta wanke rigar, ta shanya, ta sa wa mijinta ido.

Da ta sa ido kuwa, sai abubuwa suka yi ta fitowa. Ɗakin famfo da ke bakin madatsar ruwa, wanda tun da aka gina shi ko ƙyauren kirki ba shi da shi, yanzu ya samu kwaɗo sabo fil. Gawie yana zuwa can safe da yamma, ya daɗe, ya dawo yana kallon ƙasa. Wata rana ya shigo gashin bakinsa na ƙanshin kanumfari, ta ce a ranta, to fa, tsoho ya fara gyaran baki. Washegari yatsunsa suka yi ƙanshin lemun tsami, ta ce ai ga shi nan, an koya masa wanke hannu kafin ya shigo gida. Ranar Alhamis kuma sai ya ɗauki a-kori-kura ya tafi garin Worcester, wai neman kayan gyaran famfo. Wane irin famfo ne wannan da ba ya gyaruwa?

Wata Alhamis ta fito da jakarta a hannu ta same shi yana ɗumama mota.

"Zan bi ka. Zare nake so."

"Yau? Kwalabenki fa?"

"Na juya su kana minshari."

"Kujerar nan man dizal ya zuba a kanta, za ki ɓata siket. Bari in sayo miki."

Ta leƙa. Kujerar a bushe take ƙayau. Ta ɗago ta ƙare masa kallo: an yi aski, an taje gashin baki, kai, har gashin hancinsa ya datse.

"Wajen masu kayan ƙarfe za a je da rigar coci?"

"Sauran duk suna wanki."

"Ni nake wankin, Gawie."

Ya yi kamar ƙarar injin ta hana shi ji, ya ja mota. Da yamma ya kawo mata zare shuɗi, alhali ba ta faɗi kala ba.

Ta gwada shi ta wata hanyar. Ta bar miyar rago ta kama a gindin tukunya har ƙauri ya cika kicin, ta zuba masa. Da can, tun daga bakin gona zai ɗaga murya, "Drieka, gidan kike ƙona mana?" Ranar nan ya ƙara gishiri, ya cinye tas, ya ce an gode. Namiji ya ci ƙonanniyar miya har da godiya, ai ya san abin da ya aikata. Ta tattara kwanukan da ƙarfi har ɗaya ya tsage, bai ko ɗago kai ba.

Wadda za a zarga ba sai an je nesa ba. Thembeka Dyantyi ita ce mai zaɓar giya a wani gidan abinci a Cape Town, doguwa mai fara'a, ba ta girmi Lenie da yawa ba. Da can sau biyu take zuwa a shekara. Amma tun sanyin bara, lokacin da Gawie ya yi murar da ta kwantar da shi, kusan kowane wata sai an gan ta, kuma shi yake kiranta a waya.

Wata Asabar Thembeka ta zo, suka sauka ɗakin ƙasa su uku. Gawie ya zuƙo farar giya daga ganga ya zuba a kofuna. Al'adar gidan kowa ya san ta: ba mai cewa uffan sai Gawie ya shinshina, ya kurɓa, ya furzar a bokiti, ya ajiye kofi ya yi magana. Ko dillalan ƙasar waje haka suke tsayawa su jira. Ya juya kofin, ya tura hanci, ya daɗe. Sannan ya dubi baƙuwar.

"Thembeka, me kika ji?"

Saura kaɗan Drieka ta haɗiye giyar da ke bakinta.

"Ni, Oom Gawie? Kafin kai?" in ji Thembeka. A nan "Oom" ake ce wa dattijo, "Tannie" kuma dattijuwa.

"Ke dai faɗi. So nake in ji ko makarantar nan taku ta koya muku wani abu."

Thembeka ta yi dariya, ta ce tana jin tuffa da ɗan zuma, amma kamar gangar nan tana bukatar iska, akwai ɗan warin ashanar da aka kashe. Gawie ya gyaɗa kai da sauri. "Shi ne. Abin da na ji ke nan. Kai, yarinyar nan akwai hanci!"

Drieka ma ta ji warin ashanar, tun kafin kofin ya kai bakinta. Ba wanda ya tambaye ta. Duk shekarun nan tana tsaye a gefen mutumin nan da kofi a hannu bai taɓa cewa "Drieka, me kika ji?" ba, amma ga 'yar birni mai dogayen 'yan kunne an miƙa mata maganar farko. Da suka hau sama, ta matsa kusa da ita kamar za ta gyara mata wuyan riga, ta ja numfashi. Ba ta ji komai ba sai fata mai tsabta.

"Ke ba kya shafa turare, 'yata?"

"Haba Tannie Drieka, a wannan aikin? Ai sai a kore ni. Sai dai ranar da nake hutu."

Ranar da take hutu! Drieka ta yi murmushi ta ƙara mata biskit, a ranta tana cewa, Alhamis ke nan.

Oom Faan Booysen, maƙwabcinsu, shi ya ƙarasa rura wutar. Tsoho ne mai rabin kunne, bakinsa kuwa ba linzami, abokin Gawie tun suna yara suna satar inabin mutane. Ya same ta a bakin shinge tana ɗaure rassa.

"Ina Hanci? Ya tafi gyaran famfonsa?"

"Ya tafi."

"Famfon nan naku a Worcester aka yanke masa cibiya? Na ga motar makon jiya. Ba a gaban masu kayan ƙarfe ba kuwa, can layin nan mai itatuwa, inda gidaje masu labule suke. Na ɗaga masa hannu, sai ya sunkuya wai yana neman wani abu a ƙarƙashin kujera." Oom Faan ya tuntsire da dariya. "Riƙe tsohonki da kyau, Drieka. Irinmu in muka fara tsufa hankalin ƙafa yake komawa."

"Kai dai naka ya daɗe da barin gari," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da ya tafi, ta gangara ɗakin famfo, ta jijjiga kwaɗon, ta manna hancinta a tsagar ƙyaure. Man dizal, tsatsa, kuma can ƙarƙashinsu, wardi. A nan ta yi kuka, a tsaye, da igiyar ɗaure inabi a hannunta, tana jin haushin kanta da take kukan.

Ana haka ranar buɗe kwalbar farko ta zo. Kowace shekara in inabi ya fara toho, Gawie yakan fito da mai kumfar da ta fi daɗewa a kwance, a buɗe a gaban Oom Faan da mai saye, shi Gawie kuma ya yanke hukunci: ta fita kasuwa, ko ta ƙara shekara a duhu. Mai sayen bana, ko ba a faɗa ba, Thembeka ce.

A ƙasan akwatin Drieka akwai kwalbar turare da Lenie ta aiko mata daga Ingila, ko ledarta ba a taɓa fasawa ba. Wardi ne. Da safen nan ta yi duk abin da doka ta ce: ba ta soya albasa ba, ba ta dafa gahawa ba, ta wanke kofuna da ruwan zafi zalla. Ta jira har ta ji su ukun sun sauka, sannan ta shiga ɗaki ta yage ledar. Ta fesa a wuya, ta fesa a bayan kunne da wuyan hannu da gaban riga, ta ƙara a gashi. Tunda wardi yake so, to ga wardi. In ya isa ya daka mata tsawa a gaban yarinyar, ita kuma ta tambaye shi a gaban kowa me ya sa na aljihunsa bai dame shi ba. Ta ɗauki farantin burodi ta sauka.

Ƙanshin ya riga ta isa ƙasa. Oom Faan ne ya fara ɗago kai, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Thembeka ta rufe kofinta da tafin hannu, ta zaro ido. A ɗakin da tun da aka haƙa shi bai san wani ƙanshi ba sai na dutse mai danshi da yis, wannan daidai yake da a shigo da bunsuru coci.

Gawie yana sunkuye yana warware wayar da ke riƙe da matoshin kwalba. Ya ɗago ya ga matarsa.

"Yauwa tsohuwa, ke muke jira. Zo nan kusa da ni."

Ta je. Ta ajiye farantin a gabansa, ta miƙa hannu ta ɗauko masa kofi, wuyan hannunta ya wuce dab da gashin bakinsa. Tsawar take jira, amsarta na kan harshe. Gawie ya karɓi kofin ya ce an gode. Ta ce a ranta, tabɗi, mutumin nan ya iya basarwa.

Matoshin ya fita da ɗan huci, yadda yake so, ba fashewa ba. Ya zuba wa kowa. Kumfar ta taso siririya daga gindin kofi, ba gaggawa, ba hayaniya. Drieka ta kurɓa don ta samu abin yi da bakinta, kuma duk da wardin da ya toshe mata hanci, harshenta ya gaya mata gaskiya: tsamin ya zauna, kumfar tana narkewa maimakon ta yi cizo, kuma bayan ta furzar ɗanɗanon ya ƙi tafiya. Ba su taɓa yin kamarta ba.

Gawie ya juya kofinsa a hankali, ya tura hanci, ya lumshe ido. Yau bai tambayi Thembeka ba. Ranar hukunci ce, ga Faan a zaune, dole shi ya fara.

"Ɓawon burodi da ya gasu," ya ce. "Tuffa. Ɗan soyayyiyar gyaɗa can a ƙarshe. Tsaf take, ba abin da ya shige ta." Ya buɗe ido yana murmushi. "Kun ga amfanin dokata? In iskar ɗaki tana da tsabta haka, giya ba ta da inda za ta ɓuya."

Ba wanda ya motsa. Oom Faan, wanda idanunsa har sun fara ruwa saboda turaren, ya ajiye kofinsa.

"Gawie," ya ce, da wata muryar da Drieka ba ta san shi da ita ba, "ba ka jin komai?"

Gawie ya dubi Faan, ya dubi Thembeka da hannunta a kan kofi, ya dubi matarsa. Drieka ta ga yadda idonsa ke yawo a fuskokinsu yana neman amsa, sai ta tuna ta taɓa ganin kallon nan, ranar Asabar ɗin nan, lokacin da yake jiran yarinyar ta yi magana. Ashe ba kallon so ba ne, kallon ɗan makaranta ne mai leƙen takardar na kusa da shi. Ƙonanniyar miya, ƙarin gishiri, murar bara, duk suka gangaro suka taru mata wuri ɗaya.

Shi kuma ya gane akwai abin da kowa ke ji ban da shi, sai ya cafki abin da ya fi kusa.

"Af! Matoshin ne, ko? Ya lalata giyar. Ai na ji tun ɗazu, warin jiƙaƙƙen tsumma. Gwada ku nake yi in ga wa zai fara magana." Ya yi wata busasshiyar dariya. "Faan, ashe hancinka bai mutu ba. Wannan ba za ta fita bana ba. A zubar."

Ya ɗauki kwalbar ya nufi bokitin tofi da ita. Giyar da ta juya da hannunta safiya bayan safiya, giyar da ba ta da laifin komai, zai yi mata ƙazafi don ya rufa wa kansa asiri. Drieka ta kama wuyan hannunsa.

"Ba giyar ba ce, Gawie. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Turare na shafa. Wanda Lenie ta aiko. Kusan rabin kwalbar."

Ya tsaya cak. Ya ɗan karkato kansa wajenta, ta ga ƙofofin hancinsa suna buɗewa yana jan iska, yana ƙara ja. Sannan ya mayar da kwalbar kan tebur a hankali.

Oom Faan ya miƙe da ƙyar. Mutumin da ko kazarsa ce ta yi ƙwai sai duk kwarin nan ya ji, ya kakkaɓe hularsa ya ce, "Ni fa mura ke damuna tun jiya, ban ji komai ba. Kunnen ma kun san halinsa. Thembeka, zo in nuna miki 'yan tumakina, kin daɗe kina damuna za ki gani." Ba ta taɓa cewa tana son ganin tumakin kowa ba, amma ta bi shi. A bakin matakala ta juyo ta ce, "Oom Gawie, Tannie Drieka, in giyar nan za ta fita, ina so. Duk yadda kuka yanke, ku biyun."

Gawie ya ciro makulli daga aljihu ya hau sama, ta bi shi ta tsakanin layukan inabi har ɗakin famfo. A kan wani benci akwai ƙananan kwalabe huɗu a jere, kowace da auduga a ciki.

"Likitan hanci ne ya ba ni, a Worcester," ya ce. "Wai in riƙa shinshinawa safe da yamma, ko jijiyar za ta tuna aikinta. Wardi, kanumfari, lemun tsami, sai wannan mai kama da man mura. Ta wardin ta taɓa zubewa a aljihuna. Na goge da ruwa, na ɗauka ya fita." Ya shafa haɓarsa. "Wa zan tambaya ko ya fita?"

"Ni! Ni za ka tambaya, tsohon banza!" Muryarta ta fashe. "Ka je ka ɗauko 'yar mutane tun daga Cape Town tana yi maka aikin hanci, ni ina tsaye a gefenka kamar ganga?"

"Ita in na tambaye ta, ɗauka take jarrabawa ce. Ke kuwa ranar da na ce 'Drieka, me kika ji?' kin gama gano ni. Na ce bari in jira ya dawo tukuna." Ya juya ƙaramar kwalba ɗaya a hannunsa. "Hanci kika aura. In babu shi me ya rage? Tsoho mai mita."

"Mai mitar na aura. Hancin gyara aka ba ni."

Ya dube ta. "To ke kuma me ya kai ki shafa turare ranar buɗe kwalba?"

Ta gaya masa: rigar, kwaɗon, Alhamis, Thembeka. Ya zuba mata ido, sai ya fara dariya har ya dafa bango. "Ni? Da wannan gwiwar tawa?" Dariyar ta yi ta tafiya har ta juye ta zama wani abu dabam, ya zauna a kan bencin ya rufe fuskarsa da hannu. Kunya ta rufe Drieka, da tausayi. Abin da ya yi shekara guda yana ɓoyewa ita ta tone shi da hannunta, a gaban amininsa da mai sayen giyarsa, kuma ba yadda za a mayar.

Ta zauna kusa da shi. Can ya jawo ta, ya sa fuskarsa a wuyanta, daidai inda ta fi fesawa, ya ja numfashi mai tsawo. Ta ƙi motsi, tana roƙon Allah a ranta.

"Ko kaɗan?" ta ce.

"Ko kaɗan." Bai ɗago ba. "Ba giyar ce ta fi ci mini rai ba, Drieka. Da can in na shigo gida, ido rufe na san ɗakin da kike. Yis, da rana a jikin riga. Yanzu sai na kira sunanki." Sannan ya ce, "Kar ki wanke. Shekara talatin na hana ki. Shafa abinki yanzu, ba wanda zai dama."

Wannan maganar ta fi duk sauran sukar ta. Ta miƙe ta fita, ta buɗe famfon da ke jikin ɗakin, wanda lafiyarsa ƙalau, ta sunkuya ta sa kanta a ƙarƙashin ruwan dutsen nan mai sanyi. Ta dirje wuya, ta dirje bayan kunne da hannuwa har fatarta ta yi ja. Rigar kam sai dai a jefar. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Sauran turaren zan kawo maka nan, ka haɗa da kwalabenka," ta ce. "In ɗakin ƙasa ya sha iska za mu buɗe wata. Ba gahawa, ba albasa. Kuma ba mai cewa uffan sai na ajiye kofina."

Gawie ya ɗago ya daɗe yana kallonta.

"To, in kin ajiye," ya ce, "ki faɗa mini duka, a hankali. Kar ki tsallake komai."